Ayaba ba ta kwana uku a gidana, ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Fadaman Mada, cikin garin Bauchi. Maigida kan sayo mana ayaba nono uku daga kasuwar Muda Lawal ranar Asabar don ta kai mu mako saboda yara, amma kafin Talata ta yi laushi ta fara baƙi, rabi sai shara. Na gwada sa ta a firij ta koma baƙa ƙirin. Wata ƙawata ta ce in naɗe gindinta da leda. Ga kuma maganar kabayid da ake ta yi, wai da shi ake nunar da ayaba. Yaya zan yi? Kuma yaya ake gane kayan marmari masu kyau a kasuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya yaran. Na yi shekaru ina aikin malamin gona tsakanin Bauchi da Gombe, mafi yawansu a kan kayan lambu bayan sun bar gona, kuma wannan ƙorafi na ayaba na ji shi a bakin matan gida, na ji shi a bakin masu tebur na bakin titi. Kusan kullum a gida ake neman laifin, alhali tun a kasuwa aka yanke wa ayabar kwanakinta. Don haka ki yi mini haƙuri, da Maigida zan fara.

In mutum ya tsaya gaban mai ayaba, idonsa kan faɗa kan wadda ta fi rawaya, ya nuna nono uku masu kama ɗaya ya ce a ƙulla masa. To nono ukun nan tare suka fara nuna, tare kuma za su ƙare. Ba a yi dabarar da za ta kai ayabar da ta yi rawaya ranar Asabar zuwa Juma'a a ɗakin Bauchi ba, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Abin da zai yi shi ne ya raba sayen gida uku: nono ɗaya nunanne na yau da gobe, ɗaya wanda ya fara kaɗawa amma wuyansa da bakinsa suna nan kore, ɗaya kuma kore shar mai tauri. Ya ce wa mai kayan, "Ba ni ta yau, ba ni ta jibi, ba ni ta ƙarshen mako." Masu sayarwa sun fi kowa sanin wannan lissafi, da shi suke kwana da shi suke tashi, kuma ɗanyar tana nan, galibi a ƙarƙashin tebur ko bayan rumfa. Ba sa baje ta ne kawai don ba ta jan ido. In kuwa hanya tana biyo da shi ta kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal a tsakiyar mako, saye sau biyu kaɗan-kaɗan ya fi duk abin da zan faɗa miki nan gaba.

Dalili shi ne, ayaba ko an sare ta daga uwarta tana nan da rai. Tana numfashi, tana fitar da ɗumi. In lokacinta ya yi sai ta fara sakin wata iska da ake kira etilin, ido ba ya ganinta, amma ita ce mai ba da umarnin nuna. Da zarar ta fara, sitacin da ke cikin tsokar, wanda ya kai kusan kashi 20 cikin 100 tana ɗanya, sai ya riƙa komawa sukari har ya rage kashi 1 ko 2. Tsoka ta yi laushi, ɓauri ya tafi, ƙamshi ya fito. Wannan tafiya ba ta da birki balle ribas, iyakarmu mu rage mata gudu. Kuma etilin ɗin da ɗaya ta saki yana tayar da ta kusa da ita, wake ɗaya ke nan mai ɓata gari. Sai zafi. Duk ƙarin digiri 10 a ma'aunin Salshiyas yana ninka saurin numfashin nan sau biyu ko fiye. Jiragen ruwan da ke kwasar ayaba daga Ekwado zuwa Turai suna riƙe ta a digiri 13 zuwa 14 har makonni, ta isa tana kore. Mu a nan, a watan Maris da Afrilu, rana kan kai digiri 38 zuwa 40. Ki auna da kanki.

Amma Maigida ya lura, kore iri biyu ne. Akwai ayabar da ta ƙosa a jikin uwarta kafin a sare, akwai wadda aka sare don mota ta zo kuma ana neman kuɗi. Ƙosasshiya ta cika ta yi ɓul-ɓul, gefunanta sun kwanta, in aka juya ta a hannu kusan zagayayya ce. Wadda ba ta ƙosa ba siririya ce, gefunan sun fito da kaifi kamar an fere ta da wuƙa. Irin wannan ko ta yi rawaya nunan rana ne, ba zaƙi ga ɓauri, wani lokaci ma yamushewa take yi kafin ta nuna.

Ya kuma juya nonon ya duba gindinsa, inda 'ya'yan suka haɗu, wurin da wuƙa ta bi. In ya yi baƙi ya jiƙe, ko akwai farar funfuna a kai, ya bar shi ko da rabin kuɗi ne, don ruɓar daga nan take gangarawa wuyan kowace ɗaya. Shi ya sa za ki ɗaga nono ki ga 'ya'yan suna zubewa ƙasa. Busasshen tabo a ɓawo, irin na gogar ganye tun a gona, ba komai ba ne. Wanda ake gudu shi ne tabo mai laushi da ya lotsa, da tsagewar ɓawo, da karyewar wuya. Yawancin ayabar da muke ci ta yi doguwar tafiya, daga jihohin kudu irin su Edo da Ondo da Kuros Riba, wata daga Taraba, a jibge a bayan mota wata kan wata. Duk inda ta bugu etilin ya ƙaru a wurin, ƙwayoyin ruɓa kuma sun sami ƙofa. Abin haushi, bugun ɗanyar ayaba ba ya bayyana a ranar, sai ta fara nuna tabon ya fito.

Sauran bugun mu muke ƙarasa mata. A ƙulle ta a baƙar leda a rataye a hannun babur tana dukan tanki, ko a jefa ta but a ɗora doya a kai. Ni kaina na taɓa sayen ayaba mai kyau a Gombe cikin watan Afrilu, na sa ta a but kusa da kwalin mangwaro, na kamo hanyar Bauchi da tsakar rana, na tsaya salla da cin abinci a Alkaleri. Tafiyar kilomita 150 da 'yan kai ce, amma da aka buɗe but ɗin kamar an turara ta, washegari ko yara ba su kalle ta ba. Wai kuma malamin gona! Tun daga ranar a kujerar baya take zama, a saman kaya, inda iska ke ratsawa.

Yanzu mu shigo gida. Tana isowa ki fitar da ita daga leda, don ƙullalliyar leda tana tara mata zafi da gumi da etilin gaba ɗaya. Ki raba nonon nan uku kada su kwana wuri ɗaya, nunannen a inda hannun yara zai kai, ɗanyen can a wani ɗaki. In ɗaya ta riga 'yan'uwanta nuna a cikin nono, ki yanke ta ta wuya da wuƙa, kada ki fizga, fizga na yage ɓawon ta kusa. Ki nisanta ta da mangwaro da gwanda da gwaiba da fiya da tuffa da nunannen tumatir, dukansu suna sakin etilin. Kwanon adon nan da ake tara kayan marmari kala-kala a tsakiyar tebur yana da kyau a hoto, amma junansu suke ingizawa.

Rataya tana aiki, kuma ba sai an sayi wani ƙarfe na musamman ba. Igiya a tsakanin 'ya'yan a ɗaura a ƙusa, yadda ba za ta jingina da bango ba. Nauyin nonon ba ya danne na ƙasa, iska kuma tana kwashe etilin. In ta nuna sosai ki sauke ta kafin ta fara tsinkewa. In babu wurin rataya, ki kife ta a faifai, doron yana sama, ta tsaya a kan gindinta da bakin 'ya'yan.

Wurin ajiya kuma shi ne inda ya fi sanyi a gidan, kuma kicin ba ya cikin lissafi. Ban da zafin girki, hayaƙin itace da na risho yana ɗauke da etilin, tun da can da hayaƙi wasu 'yan kasuwa suke nunar da ayaba da gangan. Saman firij ma wuri ne mai ɗumi, haka bakin tagar da ranar yamma ke duka, haka ɗakin kwano marar silin. Ki nemi lungu mai inuwa da iska ke shiga, kusa da randar ruwa in akwai.

Firij. Ayaba 'yar ƙasa mai ɗumi ce, ƙasa da digiri 13 sanyi cutar da ita yake yi, firij ɗin gida kuwa kusan digiri 4 ne. Sanyin yana lalata ƙwayoyin ɓawon, sinadaran da ke ciki su haɗu da iska su yi duhu, irin duhun da yankakkiyar doya ke yi in an bar ta. Sai dai akwai bambanci babba tsakanin ɗanya da nunanniya. In kin sa ɗanya kin kashe ta, ko kin fitar ba za ta nuna yadda ya kamata ba, za ta yi toka-toka ta tsaya da ɓaurinta. In kuwa ta riga ta nuna daidai yadda kike so, ki sa ta ba fargaba. Ɓawon zai yi baƙi, amma tsokar za ta tsaya da kyaunta na ƙarin wasu kwanaki. Ina kyautata zaton wadda kika zubar, da kin ɓare da kin same ta fara tas. Matsalarmu ita ce wuta. Firij ɗin da ke yin sanyi da dare ya wuni a kashe, akwati ne mai gumi, a irinsa rataya ta fi.

Naɗe gindi da leda da ƙawarki ta faɗa, na gwada shi ba sau ɗaya ba, na raba nono biyu na naɗe rabi na bar rabi. Bambancin da na gani bai taka kara ya karya ba. Etilin ba ta gindi kaɗai yake fita ba, duk jikin ayabar yana sakinsa. Abin da naɗin ke ɗan yi shi ne rage bushewar wurin yankan da hana ƙananan ƙudaje sauka, wannan da amfani a hunturu. Da damina kuwa gumi yake tarawa ya kira funfuna. In kina so ki yi, amma kada ki dogara da shi.

Akwai wani abu da zafinmu ke yi wanda ke yaudarar mutane da yawa, kuma ina zargin yana cikin abin da ke cin ayabarki. Doguwar ayabar nan da ta fi yawa a kasuwa tana bukatar ɗan sanyi, wajen digiri 18 zuwa 22, kafin korenta ya washe ta yi rawaya mai kyau. In zafi ya haura digiri 25 zuwa sama, balle 30 da wani abu, cikin yana nuna ya yi laushi ya yi zaƙi, ɓawon kuwa yana nan kore-kore. Sai mutum ya zauna jiran rawaya, rawaya ba ta zo ba, baƙi ya zo. Saboda haka da bazara kada ki tambayi ido, ki tambayi yatsa da hanci. Ki ɗan taɓa kusa da wuya, in ta saki kuma ƙamshi ya fito, a ci ta ko da kore ce. Agade, wato ta suya, ba ta da wannan hali sosai, ita tana yin rawaya ko da zafi, kuma ita baƙin ɓawo ma ba aibi ba ne, lokacin ne ta fi zaƙi a kasko.

Hunturu kuma tasa matsalar daban. Nuna yana tafiya a hankali, wannan alheri ne, amma iskar ta bushe ƙwarai, alhali ayaba danshi take so. Sai ɓawo ya yamushe ya dushe. A lokacin ki lulluɓa mata tsumma mai ɗan lema, ba mai ɗiga ba, kuma kada ta kwana a tsakar gida, don wani daren Disamba ko Janairu yakan sauka kusa da digirin nan 13.

Ga wanda ba shi da tsayayyiyar wuta, akwai tukunya cikin tukunya, dabarar da marigayi Mohammed Bah Abba, malami daga Jigawa, ya yaɗa a ƙauyuka har ya sami kyautar Rolex a shekarar 2000. Ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin safe da yamma, a rufe baki da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Ruwan da ke tsattsafowa yana bushewa shi ke janye zafin, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwa. Tana aiki sosai da rani da bazara, da damina kuwa ƙarfinta ya ragu don iska ta riga ta ƙoshi da ruwa. Ta fi dacewa da tumatir da tattasai da yalo da alayyahu. In za ki sa ayaba, ta zama ita kaɗai a tata tukunyar, don etilin ɗinta yana sa ganye ya yi rawaya, kokwamba ta lalace, karas ya yi ɗaci.

Maganar kabayid gaskiya ce. Dutsen nan ne da masu walda ke amfani da shi. In ya sha danshi yana fitar da iskar asitilin, wadda ke kwaikwayon etilin, sai wasu su ƙulla shi a takarda su cusa cikin tulin ayaba ko mangwaro su rufe da buhu. Haɗarin yana cikin dattin da ke tare da dutsen, har da sinadarin asenik da fosfaras, shi ya sa hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kansa ta kuma hana. Alamun da ke sa ni ja da baya su ne ayaba ta yi rawaya fes iri ɗaya daga farkon tebur zuwa ƙarshe amma siririya ce mai kaifin gefe, ba ta da ƙamshi, in an ɓare tsakiyar da tauri da ɓauri, ko a ga burbushin farar hoda kamar toka a gindin nono. Kyan ɗan maciji. Amma ido kaɗai ba ya yanke hukunci, kuma kada a ɗora wa kowane mai ayaba laifi, da yawansu buhu da ganye da haƙuri kawai suke sawa. Maganar da ke yawo a WhatsApp cewa wadda ƙuda ya sauka a kai ita ce lafiyayya, kada ki gina komai a kanta. Hanya mafi sauƙi ita ce wadda na fara faɗa: a sayo ɗanya ƙosasshiya ta nuna a gabanki. In kina sauri, ki sa ta a kwali ko buhun takarda tare da nunanniya guda ɗaya, kwana biyu ko uku ta biyo. Wadda aka sayo nunanniya kuma a wanke ɓawon da ruwa kafin a miƙa wa yaro, don hannun da ya ɓare shi ne zai riƙe tsokar.

Sauran kayan marmari, abu ɗaya in kika riƙe ya rage miki rabin asara: wasu suna ci gaba da nuna bayan an tsinke, wasu ba sa yi. Ayaba, mangwaro, gwanda, fiya, gwaiba, tumatir, duk za a iya saye da saura su ƙarasa a gida. Kankana da lemo da abarba kuwa, zaƙin da suka baro gona da shi ke nan, ajiya ba ta ƙara musu ko kaɗan. Don haka a kansu ake tsananta zaɓe.

Kankana ki nemi inda ta kwanta a ƙasa. In wurin ya yi ruwan ɗorawa ko ruwan madara, ta daɗe a jikin yaɗonta. In fari ne fat, an yi gaggawa. Ta fi girmanta nauyi, fatar ta ɗan dushe ba ƙyalli ba. Ƙwanƙwasawa sai wanda kunnensa ya saba, ni na fi yarda da a yanka mini 'yar taga in gani, kuma wadda aka buɗe a ci ta a ranar. Yankakkiyar da ta wuni a tire cikin leda a rana, ban ba yaro ba. Lemo kuma kada korensa ya hana ki. Lemon Binuwai yakan nuna ya yi zaƙi yana kore, don sai da sanyin dare ɓawon lemo ke juyawa, ki dai ɗauki biyu masu girma ɗaya ki zaɓi mai nauyi da santsin fata. Abarba a shinshina gindinta: ƙamshi mai daɗi a saya, tsami-tsami ta wuce, ba ƙamshi ko kaɗan ba za a ji daɗinta ba.

Tumatir, a ce wa mai kwando ya ɗaga na sama, don kowa ya san fuska daban ciki daban. Wanda ya zo a kiret ɗin roba ya fi wanda ya zo a kwandon kaba lafiya, kaba na yanka shi, nauyin na sama kuma yana matse na ƙasa. Fasasshen da ake karyarwa da yamma, in ya fara funfuna, tafasa ba ta wanke duk abin da ke ciki. Albasa a matsa wuyanta, ya zama busasshe. Dankalin turawa na Filato, duk wanda ya yi kore ko ya tsiro a ajiye shi gefe, koren nan alamar wani sinadari ne mai ɗaci da ke ɓata ciki, kuma kada a adana shi tare da albasa. Ganye kuwa da sassafe ake sayensa, kafin ya sha rana ya sha yayyafi. Ruwan da ake yayyafa masa ba ki san daga ina yake ba, don haka latas da kabeji da za a ci ɗanye a wanke su sosai da ruwa mai tsabta.

Ayabar da ta riga ta kuɓuce miki, matuƙar ba ta yi funfuna ko warin tsami ba, ba ta shara ba ce. Ɗigo-ɗigon baƙi a ɓawo ma alamar zaƙi ya kai ne. Ki ɓare ki yanka ki sa a firiza in kina da wuta, ranar da ake so a markaɗa da kindirmo ko a dama cikin fura. Ki murje biyu cikin kwaɓin fanke ki rage sukari. In kuma kina haɗa kayan marmari na buɗa-baki da azumi, ayaba ce ta ƙarshen shiga kwano, dab da kiran salla, ki matsa mata lemon tsami kaɗan don kada ta yi duhu kafin Maigida ya dawo daga masallaci.